Farin Daɓen Yaya Asabe

Bazarar bana ta zo da irin zafin nan da mutum zai zauna a inuwa ya rasa ko barci yake ko ido biyu. Da rana tsaka kwanon ɗaki yana ƙara shi kaɗai, kaji sun wangale baki a gindin randa, hadari ya taso daga gabas ya yi baƙi ya sa mana rai, kafin la'asar ya watse abinsa. Ni kuwa ina zaune a bakin ƙofa da mafici ina yi wa Yaya Asabe fifita, ina jin numfashinta yana shiga yana fita da ƙyar, kamar ana jan guga daga rijiya mai zurfi. Wata huɗu ke nan da na ɗauko ta daga Tsohon Birnin Gwari na dawo da ita wurina nan cikin gari. Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ita ta riƙe ni tun rasuwar innarmu.

Har kwanan baya akwai maganar da nake ɓoye mata. Likitan Kaduna ya gaya wa 'yata Binta, wadda ke aikin jinya, cewa abin da ya cinye huhun Yaya ƙurar farin kwanon rufi ce, wanda su suke kira asbesto. Ƙurar da ta daka da hannunta, ta kuma tara matan unguwa suka daka tare da ita, shekara talatin da 'yan kai da suka wuce. Binta ta rubuta takardar koke zuwa ga hukuma, aka ce mata sai da bayani daga bakin wadda abin ya shafa, da dangwalen yatsanta. Mako uku takardar tana cikin jakarta. Kullum ta dube ni, ni kuma in dubi ƙasa. In Yaya ta ji inda ciwonta ya samo asali, za ta gane inda na ƙawayenta huɗu da suka riga mu gidan gaskiya ya samo, kuma ita ce ta bi gida-gida ta kirawo su aikin. Tsoron da nake ji ke nan, kada in ɗora wa mai jinya mutuwar mutum huɗu a ka.

Waccan shekarar ma haka bazara ta yi. Na zo wankan gida ne, haihuwar fari, Binta ce a hannuna ko mako biyu ba ta cika ba. Daminar da ta gabata ba ta yi kyau ba, ruwa ya ɗauke dawa tana tsaka da fitar da kai, ɗan abin da aka samu kuma gara ta bi ta ƙarƙashin rumbuna ta yi mana ta'adi. Ina tuna ranar da Yaya ta zura hannu a rumbu ta jawo damin dawa, sai jar ƙasa ta zubo daga cikinsa, rabin zangarniyar fanko. Ta daɗe tana kallonsa. Daga nan ta kakkaɓe abin da zai kakkaɓu a faifai, ta ce in je in kwanta.

Rijiyar gida ta ƙafe. Sai an je rafi an yi tono a yashi, a tsuguna ana jiran ruwa ya taru, a kwashe da ƙoƙo kaɗan-kaɗan. Ruwan wankan jegona kuwa tulu uku da safe, uku da yamma, ga itacen dafa shi, duk a wuyan Yaya. Lokacin daji namu ne. Mace za ta shiga da sassafe ita kaɗai, ta yo itace, ta kaɗo ɗorawa, ta dawo ba abin da ya tsorata ta sai ko biri. Yanzu wa zai gwada? Ɗorawar nan ita ta riƙe mu. Garinta mai rawaya a dama da ruwa a sha, kalwar a ajiye don daddawa, ɓawon kuma a tara a gefe saboda makubar daɓe. Har yau in na ji ƙanshin garin ɗorawa sai in ji cikina ya tuna da yunwa.

Mijin Yaya, Malam Sule, tela ne a wata kasuwa a Kaduna. Sai wata-wata yake leƙo gida, kuma abin da yake aikowa shi ke cike mana abin da rumbu ya gaza. Rannan da hantsi sai ga shi ya shigo ba sanarwa, da wani abu a ƙunshe cikin buhu. Ya kwance, kan kekensa ne, ya ƙone ya yi baƙi ƙirin. Gobara ta tashi a kasuwar, ta kwana biyu tana ci. Ya ce rufin shagunan da na manyan ɗakunan ajiya ya riƙa fashewa yana tartsatsi, farar toka ta yi ta sauka har unguwannin da ba su ma ga wutar ba. Mutumin da ba ya rabuwa da raha, sai ga shi yana wuni a zaure yana goge kan keke da tsumma, alhali ya san ba zai sake ɗinki ba. Ba shi kaɗai ba ne, mazan yankinmu da dama sun dawo haka hannu rabbana. Ba a yi kwana goma ba kuma iska ta zo ba ruwa, ta yaye jinkar ɗaki biyu a gidanmu ta watsar a gonar bayan gida.

A rediyo aka ce an kafa kwamitin agaji, za a bi waɗanda gobara ta shafa har garuruwansu da hatsi da kwanon rufi. Wayyo, irin sa ran da muka yi! Ko ƙugin babur aka ji sai a miƙe. Da motocin suka zo, tifa biyu ne, suka juya baya suka zazzage kayansu a filin da ke gaban gidanmu. Ni mai jego ba ni da izinin fita, amma ai zana tana da huda. Na manna ido ina kallo. Farin kwanon rufi ne da aka kwaso daga inda aka yi gobarar, wani ya yi baƙi-baƙi da hayaƙi, wani ya tsage, mafi yawansa a farfashe. Da ya zube ƙasa wata farar ƙura ta tashi ta tsaya a sama, ta daɗe ba ta sauka ba.

Wani jami'i ya fito daga ƙaramar mota, farar shadda, hula a karye. Ya tsaya nesa da tulin, ta inda iska ke fitowa, da hankici a hanci. Leburorin da suka zo da shi ma duk sun ɗaure hanci da baki da tsumma. Mu kuwa a bayan zana har muna taɓa juna muna dariya, wai mutanen birni da tsirfa, ƙura ma sai an yi mata lulluɓi. Ya yi jawabi ta cikin hankicin, ya ce kwano ne mai inganci, tunda wuta ma ba ta iya cinye shi ba, kowa ya ɗiba ya rufa wa kansa asiri. Malam Sule ya tambaye shi labarin hatsi, ya ce yana tafe. Mai unguwa ya yi godiya, aka yi addu'a aka shafa. An kawo masa ruwa a sabon ƙoƙo ya ce ya gode, ya shiga mota ya ɗaga gilashi. Hatsin dai har yau yana tafe.

Maza suka zaɓi masu ɗan lafiya aka raba, aka rufa ɗakunan da iska ta yaye. Ɓaraguzan suka rage tuli guda, ya fi ni tsawo. Mata suka fara ɗiba, wata ta yi marfin randa, wata ta shanya kuɓewa a kai, wata ta tare bakin murhu da shi. Yaya ce ta lura da abin da kowa bai lura ba. Wani ɓalli ya kwana biyu a jingine a gindin zana, gara ta ci zanar ta ci dirkar, amma ko taɓa shi ba ta yi ba. Ta ɗauka ta juya, ta murza gefensa da yatsa, ya marmashe, don wuta ta riga ta gasa shi. A cikin garin akwai wasu siraran zarurruka farare. Ta ce ai wannan shi da kansa ya zo da ramno, ba sai an nemo ciyawar kwaɓi ba.

Yaya gwanar daɓe ce, a wurin innarmu ta gada. Masu tasowa yanzu siminti da tayil suka sani, bari in faɗa musu. Ana ɗebo marmara a farfasa, a shimfiɗa a ƙasan ɗaki, a yayyafa ruwa, mata su durƙusa a jere da madaɓi suna bugu har ƙasa ta haɗe ta yi sumul. Sai a jiƙa ɓawon ɗorawa, ruwansa shi ne makuba, a shafe daɓen da shi a sake bugu, ya bushe ya yi jaja-ja mai duhu. Yaya ta daka ɓallin nan a ƙaramin turmi, ta gauraya da marmara, ta gwada a dokin ƙofarta, faɗin faifai biyu. Bayan kwana uku ya bushe fari tas, ta buga taɓarya a kai bai ko ɓantare ba. Ta zauna a ƙasa tana shafa shi tana murmushi, murmushin farko da na gani a fuskarta tun dawowar mijinta. Ta ce in Allah ya yarda bana gara sai dai ta ci ƙasa.

Washegari ta yafa mayafi ta bi gida-gida tana gayya. Ta ce a yi wa gindin kowane rumbu farin daɓe kafin ruwa ya sauka, in an gama a shiga ɗakuna. Mata goma sha ɗaya suka amsa, amma huɗu ne suka zama na bakin turmi tare da ita, su ne kuma ba su rabu da aikin ba har tulin ya ƙare. Akwai Ladi maƙwabciyarmu, Bagwariya, wadda ke ɗaukar kaya a kafaɗa tana yi mana tsiya wai mu Hausawa mun mai da kai jaki. Akwai Iya Kande, babba a cikinsu, mai taba a baki. Akwai Talatu, sarkin surutu. Sai Dija Bafulatana, wadda rugarsu ke bakin daji, ta zo tallan nono ta ga ana shiri ta ajiye ƙwarya ta ce ita ma a ba ta taɓarya.

Na roƙi Yaya ta bar ni in taya ko da tankaɗe ne. Ta harare ni ta ce, "Mai jego da taɓarya? Ke dai Lantana ba kya jin magana. Je ki can gindin mangwaro, ki rufe mini yarinya kada ta yi atishawa." Na tafi ina ƙunƙuni, har da hawayena, don ina ganin an ware ni daga abin daɗi. Mangwaron yana can ƙarshen gida, nesa da turaman. A nan na zauna kwana uku ina kallo.

Ban san yadda zan kwatanta ranakun nan ba. Cikina ba komai sai kunun kanwa tsararo, kaina yana yawo, zafi yana rawa a saman ƙasa. Ladi tana jido ɓaraguzai a ƙwarya tana zubewa. Turmi biyar a jere, ana lugude, ana jefa taɓarya sama a tafa a cafe. Kowane bugu sai farin gari ya yi sama. Masu tankaɗe suna gefe da rariya, nasu ya fi laushi, ya fi tashi. Kafin hantsi tsakar gidan ta cika da wani farin hayaƙi marar wari, rana tana ratsa shi, zarurrukan nan suna ƙyalli suna juyawa a hankali, ba sa sauri ba sa faɗuwa. Matan suka koma farare fat, gira da gashin ido da ƙofar hanci, idanu da haƙora kawai ake gani. Muryoyinsu suna zuwa mini kamar daga ƙetaren rafi. Ina lumshe ido ina buɗewa, in ga kamar ba a ƙasa suke tsaye ba. Wallahi ban taɓa ganin abin da ya yi mini kyau kamar wannan ba, kuma wannan ne yake ci mini rai.

Talatu ta ce yau ta shafa hodar birni kyauta, mijinta ba zai gane ta ba, ƙila ma ya sake biyan sadaki. Iya Kande ta lashi garin a yatsa ta ce ba gishiri ba daɗi, abin gwamnati ne sosai. Aka kwashe da dariya, dariyar ta koma tari, aka sha ruwa aka ci gaba. Da azahar Dija ta buɗe ƙwaryarta ta zuba nonon da ta zo sayarwa cikin garin ɗorawa, suka zauna a da'ira suna sha da ludayi ɗaya, farar ƙura tana sauka a kan nonon ba wadda ta damu. Suka yi salla, suka koma. Da la'asar aka fara bugu, madaɓai suna tashi suna sauka tare, Yaya tana ba da waƙa suna amsawa, tana saka sunan kowace a ciki da abin tsokanarta. Ni ma ta saka ni, wai gimbiyar gindin mangwaro.

Ranar da aka gama rumbu na ƙarshe, a gidan Ladi, ruwa ya sauko. Ya fara da manyan ɗigo jefi-jefi, ƙasa ta saki ƙamshin nan da ke sa mutum ya ji kamar ya ɗiba ya ci, sannan ya ɓarke. Matan ba su gudu ba. Suka tsaya a fili ruwa yana wanke su, farin yana gangarowa daga kansu zuwa ƙafa, kowace tana komawa kalarta. Da safe maza suka fita shuka, har Malam Sule, wanda rabonsa da sungumi an daɗe.

Daminar ta yi ruwa, amma kafin amfani ya nuna mun sha wuya. Tuwo ya koma sau ɗaya a rana, daga baya ya koma kwana biyu sau ɗaya. Yaya takan fita da sassafe ta tsinko tafasa da rama, a dafa a matse, a kwaɗa da ɗan ƙuli in akwai, in babu a ci haka da gishiri. Kaɗanya ta nuna a daji, a tsinto a sha, a ajiye ƙwallon. Lokacin marka sai a yi kwana uku ba a ga rana ba, itace ya jiƙe, hayaƙi ya cika madafa, zanin goyo ya ƙi bushewa. A da irin wannan lokacin ƙasan ɗaki yakan yi danshi har tabarma ta yi fumfuna. Bana kuwa ɗakin Yaya a bushe yake ƙayau. Nakan kwanta a kan farin daɓen ba tabarma, Binta a ƙirjina, ina jin ruwa yana sauka a kan farin kwanon da wani taushin sauti, ba irin hayaniyar kwanon ƙarfe ba. Yunwa tana nan, amma barci yana zuwa da daɗi. Da masarar farko ta nuna, a kan ɓallin kwanon muka gasa ta.

Gaskiya kuma a faɗe ta, gara ba ta shiga rumbun kowa ba a shekarar, ko ta gaba. Na koma gidan mijina nan cikin gari, sunan Yaya kuma ya tafi. Duk ɗakin amaryar da za a gyara sai a ce a kira Asabe mai farin daɓe. An ɗauke su a babur har Gayam, har Kakangi, ita da mutanenta huɗu, da garinsu a buhu. Shekara huɗu suna yi kafin tulin ya ƙare. Da abin da take samu ta saya wa Malam Sule tsohon keke ya koma ɗinki a zaure, har Allah ya karɓi abinsa. In ana hira ta tuna lokacin, takan ce ita dai ta taɓa yin abu ɗaya a duniya da ya amfani mutane.

Iya Kande ce ta fara, aka ce tsufa ne da taba. Bayan wasu shekaru Dija ta bi, aka ce sanyin daji ne ya kama mata ƙirji. Ladi ta sha maganin tarin fuka wata da watanni bai yi mata komai ba, matar da ke ɗauko itacen mutum biyu ta koma ba ta iya kai buta bayan gida. Talatu ta rasu shekara uku da suka wuce, surutun nan duk ya ƙare, sai dai ta yi nuni da hannu. Kowace da tazarar shekaru tsakaninta da 'yar'uwarta, shi ya sa ban taɓa haɗa su a raina ba. Sai da Binta ta kai Yaya Kaduna aka ɗauki hoton ƙirji, likita ya tambaya ko tsohuwar ta taɓa aiki a masana'antar kwano. Binta ta yi dariya ta ce matar da ko Kaduna ba ta taɓa kwana ba sai yau. Da ta dawo tana ba ni labari, sai na ji mafici ya faɗi daga hannuna.

Binta ba ta gado haƙuri ba, ni ta biyo. Ta shiga ofis ta fita ofis. Nan a ce kwamitin an rushe shi tun tuni, can a ce ba su da labarin wata tifa da ta je Tsohon Birni, gaba a ce wanda ya san zancen ya yi ritaya. Wani ma cewa ya yi ai ba wanda ya ce su daka. Ta ce masa ba kuma wanda ya ce kada su daka, alhali wanda ya kawo kayan hancinsa a toshe yake. Abin da take nema a takardar shi ne a fito a yi shela, a bi ɗakunan nan a rufe daɓen yadda ya kamata, don likita ya ce fasa shi ya fi barinsa haɗari. Wasu ƙauyukan an watse saboda ɓarayin daji, amma wasu da mutane a ciki, daɓen ya tsufa yana marmashewa, kuma kowace safiya akwai matar da ke sunkuyawa a kansa da tsintsiya. Ta ce mini, "Inna, kina tausayin mutum ɗaya, su kuma waɗancan fa?" Na ce mata mutum ɗayan nan ita ta dafa ruwan da aka yi mata wankan farko. Muka kwana biyu ba ma magana sosai.

Ranar wata Laraba da hantsi ina shafa wa Yaya man kaɗe a ƙafa, sai na ji bakina ya fara da kansa. Na yi ta kewaye-kewaye, na ɗauko zancen gobara, na ɗauko na tifa, na ce likitoci dai da neman dalili, wai har da ƙurar nan suke zargi. Ban iya ɗaga kai ba.

"Na sani, Lantana," in ji ta. Ta tsaya ta nemi numfashi. "Tun Ladi na sani. Mu biyar ne a bakin turmi."

Ashe shekara da shekaru tana ɗauke da abin ita kaɗai. Ta ce tun rasuwar Ladi ba ta sake bi ta ƙofar gidansu ba, sai ta zagaya ta bayan masallaci, don ba ta iya haɗa ido da 'ya'yanta. Ta ce ranar da aka fitar da Talatu ta so ta gaya mini, ta ga ba amfanin ta raba mini nauyin. Ni ina ɓoye mata mako uku ina jin kamar zan mutu, ita ta ɓoye mini fiye da shekara goma. Na kifa kaina a ƙafarta na yi kuka sosai, ita ce ma take shafa mini kai tana cewa in bari, zan ɓata mata man.

Da Binta ta dawo Yaya ta ce ta kawo takardar. Ta ba da bayani tun daga saukar tifa har ranar da aka kwashe ƙwaryar ƙarshe, kalma biyu ta huta, kalma uku ta huta, har aka kira la'asar. Ta faɗi sunan kowane ƙauye da kowane gida da suka yi wa daɓe, ba ta manta ko ɗaya ba. Ta ce a rubuta sunan Ladi da Iya Kande da Talatu da Dija, a kuma rubuta cewa ita Asabe ce ta kira su, kada a ɓoye. Binta ta shafa mata tawada a babban yatsa, ta riƙe hannun za ta dangwala, sai Yaya ta janye ta ce saura layi ɗaya.

"Ki tambaye su, ranar da suka loda mana kayan nan, sun san yana kisa? In sun sani su rubuto su ce sun sani. Ba na neman komai nasu. Ina so ne in na je in samu abin da zan gaya wa su Ladi."

Binta ta rubuta, Yaya ta dangwala. Washegari ta bi ayarin motoci ta kai takardar Kaduna, aka buga mata hatimi, aka ce za a neme ta. Yau kwana goma sha tara. Kullum in Binta ta yi sallama ta shigo daga aiki, Yaya takan ɗago kai daga matashi ta dubi hannunta tukuna, kafin ta dubi fuskarta.